Addini da Ruhaniyya, Ruhi da Gangar Jiki

Addini tsari ne na imani da ibada da dokoki wanda jama'a suke tarayya a kansa. Yana da littafi da malamai, da wuraren ibada da lokutanta, da halal da haram. Ruhaniyya kuwa ita ce abin da ke gudana a cikin mutum tsakaninsa da Ubangijinsa, ko tsakaninsa da abin da ya ɗauka shi ne gaskiyar da ta fi kowace: tsoro da fatan rahama, nadama, natsuwa, ƙauna, da jin cewa ana ganinsa ko da ya kulle ƙofa. Addini ana koyar da shi a zaure, ana kuma gane wanda ya kiyaye da wanda ya saɓa. Ruhaniyya ba ta da mai shaida sai mai ita da Mahaliccinsa. A mafi yawan tarihin ɗan Adam ba a ɗauki waɗannan biyun a matsayin kishiyoyi ba, balle a ce mutum ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Raba su da aka yi sabon abu ne, kuma an san inda ya taso.

A Turai da Amurka ya taso. Yaƙe-yaƙen da aka gwabza tsakanin Katolika da Furotesta, musamman yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648, sun sa masana da yawa suka fara kallon coci a matsayin hukuma mai neman iko, suka mayar da imani lamarin mutum shi kaɗai. A 1902 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, William James, ya fitar da littafinsa kan ire-iren abin da masu addini ke ji a ransu, inda ya ajiye coci da tsarinta gefe, ya ce abin da mutum ke ji sa'ad da yake shi kaɗai da Ubangijinsa shi ne tushe, sauran duk daga baya suka zo. Shekara goma bayan haka Emile Durkheim na Faransa ya kama ɗaya bakin zaren, ya ce addini a asalinsa lamarin jama'a ne, shi ke ɗaure mutane su zama al'umma guda. Ra'ayin James ne ya fi shiga jinin mutanen can. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2017 ya nuna kashi 27 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna bayyana kansu da cewa masu ruhaniyya ne amma ba masu addini ba.

Wannan hali yana da salon da ake gane shi da shi. Mutum yakan tsinci abin da ya yi masa daga addinai daban-daban, ya bar sharuɗɗan da suka zo tare da shi. Zaman natsuwa da lura da numfashi, wanda asalinsa ibada ce ta mabiya Buddha, an cire masa aƙidarsa an shigar da shi asibiti a matsayin maganin damuwa tun daga shirin da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts a 1979. Waƙoƙin Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, suna cikin waɗanda aka fi saye a Amurka, amma da yawa daga masu karanta su da Turanci ba su san malamin fiƙihu ne na mazhabar Hanafi ba, mai salla da azumi, wanda waƙensa ke cike da ayoyi da hadisai. Ba a rasa dalilin da ya kai mutanen nan ga haka ba. Wasu sun ga shugabannin addini suna cin amana, wasu an raine su da tsoratarwa zalla, wasu sun ga ibada ta koma al'ada babu ɗanɗano. Ƙishirwarsu ta gaske ce, kuma duk mai addinin da ya yi musu dariya bai fahimci cewa kukan nasu tuhuma ce a kansa ba.

A Musulunci an san wannan bambanci tun farko, sai dai an sanya shi a cikin addinin ne. Hadisin Mala'ika Jibrilu, na biyu a Arba'una Hadisi ta Imam Nawawi, ya kasa addini hawa uku: Musulunci, wato shika-shikai biyar da gaɓoɓi ke aikatawa, imani, wato abin da zuciya ta gaskata, da ihsani, wato mutum ya bauta wa Allah kamar yana ganinSa, in kuwa ba ya ganinSa ya san Shi yana ganinsa. Abin da ake kira ruhaniyya a yau shi ne wannan hawa na uku, kuma hadisin ya kira dukkan ukun da sunan addini. Daga baya kowane hawa ya sami iliminsa: fiƙihu ya ɗauki na farko, tauhidi na biyu, tasawwufi ko ilimin tsarkake zuciya na uku. Littafin Ibn Ashir, malamin Fas da ya rasu a 1631, a kan wannan tsari aka gina shi: aƙidar Ash'ari, fiƙihun Malik, da tafarkin Junaidu. Ko Ahalari, wanda yaro ke fara fiƙihu da shi a ƙasar Hausa, kafin ya kai ga alwala sai da ya yi maganar tuba, ya kuma lissafa girman kai da jiji-da-kai da riya da hassada a cikin abubuwan da aka haramta.

A salla ake ganin bambancin ƙuru-ƙuru. Mutum ya yi alwala cikakkiya, ya shiga sahu kafaɗa da kafaɗa, ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya yi ruku'u da sujada yadda aka koya masa. Amma tun daga Fatiha hankalinsa ya tafi kasuwa, yana lissafin buhu nawa ya rage da wanda bai biya bashi ba, bai farga ba sai da liman ya yi sallama. A wajen mafi yawan malaman fiƙihu sallarsa ta inganta, ba za a ce ya sake ba, domin sharuɗɗa da rukunai sun cika. Amma akwai hadisin da ya nuna mutum kan idar da salla ba a rubuta masa komai ba sai rabinta, ko sulusinta, har zuwa ushirinta, gwargwadon abin da ya halarto da zuciyarsa. Akwai kuma wanda ya yi gargaɗi cewa wani mai azumin ba ya samun komai sai yunwa da ƙishirwa. Fiƙihu bai yi kuskure ba da ya ce sallar ta yi, domin alƙali da mufti zahiri suke iya gani. Aikinsu ke nan, kuma iyakarsu ke nan. Abin da ya rage tsakanin inganci da karɓuwa shi ne filin ruhaniyya.

Babu wanda ya zauna a kan wannan giɓi kamar Abu Hamid al-Ghazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. Shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa na zama gabansa, fada na girmama shi. A 1095 ya binciki niyyarsa, ya ga neman suna da muƙami sun cuɗanya da karantarwarsa. Damuwar ta kai harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar kujerar, ya tafi Sham da Ƙudus da Makka, ya shafe kusan shekara goma a keɓe. Abin da ya fito da shi shi ne Ihya'u Ulumiddin, littattafai arba'in a kashi huɗu: ibadu, al'amuran yau da kullum, halaye masu halakarwa, da halaye masu tsirarwa. Abin lura shi ne mutumin da ya gudu daga addinin da ya zama sana'a bai dawo yana cewa a bar salla ba. Ya dawo ya bi tsarki da salla da zakka da aure da ciniki ɗaya bayan ɗaya, yana nuna hukuncin kowanne sannan ya nuna sirrinsa.

Haɗarin ɗaya ɓangaren ma malamai sun san shi. An sha samun masu da'awar cewa sun kai matsayin da shari'a ta faɗi a kansu, cewa salla tsani ce kuma wanda ya hau soro ba ya bukatarta. Manyan sufaye irin su Junaidu na Bagadaza da Ahmad Zarruƙ su ne kan gaba wajen ƙaryata wannan, suna cewa duk wani hali na zuciya da ya saɓa wa Alƙur'ani da Sunna yaudara ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne, kuma shi ne ya rubuta Ihya'us Sunna yana yaƙar bidi'a. Saɓanin da ya yi tsanani a Arewacin Nijeriya bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, tsakaninta da 'yan ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya, a kan hanyoyi ne: wuridi, wazifa, tawassuli, matsayin shehi. Babu ɓangaren da ya ce ikhlasi da tsoron Allah ba dole ba ne, babu kuma wanda ya ce a ajiye farilla. Wannan ya bambanta shi da rabuwar da aka yi a Yamma.

Ƙarƙashin wannan muhawara akwai wata tambaya da ta girme ta, wato mene ne mutum. Yadda aka ɗauki alaƙar ruhi da jiki shi ke yanke yadda za a ɗauki alaƙar ruhaniyya da addini.

Aflatun, masanin Girka, ya ɗauki ruhi a matsayin mutumin gaskiya, wanda ya wanzu kafin jiki kuma zai wanzu bayansa, jiki kuwa kurkuku ne da ke hana shi ganin gaskiya. Almajirinsa Aristo ya saɓa masa. A wajensa ruhi shi ne tsarin da ya sa jiki ya zama rayayye, kamar yadda gani yake ga ido. Ba a tambayar ko su biyu ne ko ɗaya. A ra'ayin farko mutuwa 'yanci ce. A na biyu da wuya a bayyana abin da zai saura in jiki ya ruɓe. Malaman Musulmi da na Kirista sun gaji wannan ja-in-ja, kowa ya yi ta ƙoƙarin daidaita ta da wahayi.

Ibn Sina, likita kuma masanin falsafa da ya rasu a 1037, ya kawo wani gwaji na tunani da har yau ake karantarwa. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke da hankalinsa, yana rataye a sarari, idonsa a rufe, ba ya jin sauti, gaɓoɓinsa a ware ba mai taɓa wata. Bai san yana da hannu ko ƙafa ko zuciya ba. Shin zai san yana nan? Ibn Sina ya ce zai sani, kuma tunda ya tabbatar da kansa ba tare da ya san jikinsa ba, to kansa wani abu ne daban da jiki. Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da rauni a gindinta: rashin sanin abu ba ya nuna babu shi, kuma mutumin da ke rataye yana iya yin wannan tunanin ne da ƙwaƙwalwar da bai san yana da ita ba. Inda tafiyar ta kai wasu masana falsafa shi ne cewa ruhi kaɗai za a tayar, ni'ima da azaba na Lahira kuma misalai ne da aka buga wa talakawa. A nan Ghazali ya ja daga. A littafinsa Tahafutul Falasifa ya tattauna mas'aloli ashirin, ya ware uku ya ce sun fita daga Musulunci, ɗaya daga cikinsu ita ce musun tayar da jikkuna.

Alƙur'ani bai yi dogon bayani kan haƙiƙanin ruhi ba. Aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta mayar da lamarinsa ga Ubangiji, ta kuma tunatar da mutane ƙarancin ilimin da aka ba su. Abin da nassi ya bayyana shi ne halayensa da tafiyarsa. Hadisin Ibn Mas'ud ya nuna ana busa shi bayan matakai uku na kwana arba'in-arba'in a cikin mahaifa, wato kwana 120 a fahimtar mafi yawan malamai. Suratuz Zumar ta haɗa barci da mutuwa, ta nuna ana karɓar rayuka a duka biyun, a riƙe wasu a saki wasu. An ambaci rai mai yawan umarni da mummuna, da mai zargin kansa, da wanda ya natsu, kuma malaman tarbiyya sun ɗauki waɗannan a matsayin matakai na rai guda. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya tattara ra'ayoyi a Kitabur Ruh, ya rinjayar da cewa ruhi wani jiki ne mai laushi, mai haske, da ke ratsa gaɓoɓi yadda mai ke ratsa 'ya'yan zaitun. Muddin gaɓoɓin suna iya karɓarsa yana nan, in sun lalace ya fita. Ghazali kuwa yakan kwatanta zuciya da sarki, gaɓoɓi da rundunarsa, jiki da abin hawan da za a yi tafiyar Lahira a kansa. Duk da bambancinsu, babu ɗayansu da ya ɗauki jiki a matsayin ƙazanta da za a yar. Kiristanci ma a nan ya tsaya: tashin jiki yana cikin shahadar bangaskiyarsa, kuma Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa ruhi shi kaɗai bai cika mutum ba. Addinin Hindu yana ganin ruhi na sauya jiki daga rayuwa zuwa rayuwa, Buddha kuwa ya musanta cewa akwai wani rai tabbatacce da ba ya canzawa.

A Turai Rene Descartes ne ya sake tsaga mutum gida biyu a ƙarni na 17: hankali abu ne mai tunani da ba ya cin wuri, jiki kuma inji ne mai tsawo da faɗi. A 1643 Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta rubuta masa wasiƙa da tambayar da har ya mutu bai ba ta gamsasshiyar amsa ba: ta yaya abin da ba shi da nauyi ko gefe zai tura hannu ya motsa? Ya nuna wata 'yar halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ce nan ne mahaɗarsu, amma faɗin wurin haɗuwa bai bayyana yadda ake haɗuwar ba. Bayan shi, da yawa sun warware matsalar ta hanyar jefar da ruhin gaba ɗaya. Suna da abin nunawa. A 1848 wani ma'aikacin titin jirgin ƙasa a jihar Vermont ta Amurka, Phineas Gage, ƙarfe ya huda kansa ya fita ta sama, ya lalata gaban ƙwaƙwalwarsa. Ya rayu har 1860, amma likitansa ya ba da rahoton cewa halinsa ya sauya har abokansa suka ce ba shi ba ne. Allurar kashe jiki kan ɗauke sani cikin daƙiƙu, cutar mantuwa kan sa tsoho ya kasa gane 'ya'yan cikinsa.

Waɗannan sun tabbatar da cewa tunani da hali suna rataye da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma mai addini ba shi da dalilin musu. Shari'a ma ta ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da wanda ya rasa hankali, wato ta yarda cewa halin jiki yana taɓa hisabin rai. Abin da kimiyya ba ta nuna ba shi ne dalilin da ya sa motsin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 yake zuwa tare da ji: zafin ciwo, ɗacin nadama, sanin cewa ni ne. Masanin falsafa David Chalmers ya kira wannan matsala mai wuya a 1995, kuma har yanzu tana nan. Wanda ya ce kimiyya ta gano babu ruhi ya faɗi abin da ya wuce awonsa. Haka nan wanda ya ce na'ura ta hango ruhi.

Daga nan ake ganin yadda tambayoyin biyu suka haɗu. Wanda ya ɗauki kansa ruhi ne da aka ɗaure a jiki zai ga ruku'u da sujada da lokutan salla a matsayin ɓawo, ya nemi Allah a cikin ji kaɗai. Wanda ya ɗauki kansa jiki ne zalla, ko yake rayuwa kamar haka ko da bakinsa bai faɗa ba, zai ƙirga raka'o'i da Umra ya ɗauka an gama. Addinin da ya ce mutum ruhi ne da jiki tare dole ibadarsa ta kama duka biyun, shi ya sa kowanne daga shika-shikan Musulunci yake da rabon gaɓa da rabon niyya. Tasirin kuma ta kowane ɓangare yake bi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Haka kuma abin da jiki ya saba yi yakan koma ya sassaƙa zuciya. Yunwar azumi tana karya girman kai ta hanyar da wa'azi ba ya iyawa, goshin da ya taɓa ƙasa sau da yawa a yini yana koya wa mai shi matsayinsa. Saboda haka ne ma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wasu mutane uku da ɗaya ya yi niyyar azumi kullum, ɗaya tsayuwar dare ba barci, ɗaya barin aure. Jiki yana da haƙƙi, azabtar da shi ba ya cikin hanyar tsarkake rai.

Matsayin jiki ya fi fitowa a ranar da rai ya yi halinsa. Da a ce kurkuku ne da fursuna ya tsere daga cikinsa, da babu dalilin kula da shi. Amma ana rufe wa mamaci ido, a suturta al'aurarsa, a yi masa alwala, a wanke shi a hankali ana farawa da dama, wanki uku ko biyar, a sa kafur a na ƙarshe. A naɗe shi cikin farin likkafani, jama'a su yi sahu su sallace shi, a kwantar da shi a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Hadisi ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Ana yin haka ne domin jikin nan shi ya yi sujadar, shi ya ji yunwar, kuma bisa aƙida shi za a tayar, har gaɓoɓinsa su ba da shaida.

Ruhaniyyar da ta rabu da addini tana rasa abubuwa biyu da ba ta iya samar wa kanta: ma'aunin da zai gaya wa mutum cewa abin da yake ji son zuciya ne, da jama'ar da za ta ɗora masa nauyin da bai zaɓa ba, irin su zakka da jana'iza da haƙƙin maƙwabci. Addinin da ya rabu da ruhaniyya kuwa yana iya tara masallatai cike da mutane alhali awo na tauye a kasuwa da amana na salwanta a ofis, kuma Suratul Ma'un ta haɗa mai salla don a gani da mai korar maraya a cikin zargi guda. A cikin biyun, na biyu shi ne ciwon da ya fi kusa da al'ummar da kusan kowa a cikinta ke amsa sunan mai addini, kuma shi ne wanda ya fi wuyar ganewa, domin mai shi ba ya rasa salla ko ɗaya.